Shin Magani Yana Hutawa Kamar Gona?

Asalin wannan rubutu tambaya ce da kawuna ya yi mini a hutun Babbar Sallah, ni kuma na yi ta kame-kame na kasa ba shi amsa, alhali shekarata ta ƙarshe ke nan a sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Kunyar da na ji ita ta sa da na dawo makaranta na zauna na bi maganar tun daga tushe.

Kawu manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Batsari, yana kuma da 'yan shanunsa da suka rage. Muna zaune a zaure bayan la'asar ya ce mini: "Kai ɗan boko, matso nan. Allurar nan da muke yi ma shanu, da can sau ɗaya ake yi saniya ta miƙe. Yanzu sai ka yi uku ba ta ko ɗaga kai ba. Mai kemis ya ce wai cutar ce ta saba da maganin. To ni tambayata ɗaya. In gona ta gaji, ai barin ta ake ta zama saura, bayan shekara biyu ko uku a dawo a iske ta da ƙarfinta. Shi magani in an bar shi ya huta, ba ya dawowa da ƙarfinshi? Ko mi kuke karantawa a can?"

Na yi dariya a lokacin. Daga baya na gane cewa tambayar da Kawu ya yi a zaure ita ce masana ƙwayoyin cuta suka shafe shekaru fiye da 70 suna bincike a kanta.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Katsina, har da Batsari da Safana, ƙanena ya kwanta zazzaɓi. Yana da shekara tara. Ba waya, hanya ba ta biyuwa yadda ake so, ma'aikacin lafiyar da ke zuwa ƙauyenmu ya daina kwana a can. Aka sayo masa Septrin na kwana biyu, don kuɗin ke nan. Jiki ya ɗan yi sanyi, aka bari. Zazzaɓi ya dawo, aka sayo kafso ja da rawaya. Bayan nan aka koma Cipro, ana raba ƙwaya biyu don ta kai. A mako na uku cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Da ƙyar aka kai shi Katsina, likita ya ce taifot ce ta huda hanji, aka yi masa aiki a daren. Allah Ya yi da sauran kwanansa, yanzu yana aji uku a ƙaramar sakandare, da tabon ɗinki a ciki.

Ba a shuka jininsa an ga wace ƙwaya ce ba, kamar yadda ba a yi wa yawancin yaranmu. Amma magani kala uku ya shiga cikinsa cutar ba ta tsaya ba. Wannan shi ne abin da ke raina duk lokacin da malami ya zana farantin gwaji a allo.

Kalmomi uku da ya kamata mu rarrabe

Ta farko, bijirewa. Ita ce ƙwayar bakteriya ta ci gaba da rayuwa da hayayyafa a cikin adadin maganin da a da yake kashe irinta. A lura, jikin mutum ba ya sabawa da antibayotik. Ƙwayar ce take canzawa.

Ta biyu, ƙarfin takara. Ma'anarsa yadda ƙwaya take iya hayayyafa, ta daɗe, ta yaɗu daga wannan jiki zuwa wancan, idan aka gwada ta da 'yan uwanta a wuri ɗaya. Kullum da kwatanci ake auna shi, kuma ya danganta da wurin: ƙwayar da ta yi fice a cikin faranti tana iya zama ta baya a cikin hanji.

Ta uku, zafin cuta. Wato irin ɓarnar da ƙwayar take iya yi wa jikin da ta shiga: dafin da take fitarwa, yadda take kutsawa cikin jini, yadda take kauce wa garkuwar jiki.

Ɗalibai da yawa muna haɗa ukun nan wuri ɗaya, mu ce ƙwaya mai bijirewa "ta fi ƙarfi". Wannan kuskure ne a jarrabawa, kuma kuskure ne a asibiti. Ƙwaya tana iya bijire wa magani ta zama raguwa. Tana iya bijirewa ta zauna yadda take. Wani lokaci kuma tana bijirewa ta ƙara kaifi.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Antibayotik yana kai hari ne ga wani abu da ƙwaya ba ta iya rayuwa sai da shi. Rifamfisin, wanda ake ba masu tarin fuka, yana maƙale wa injin da ke kwafe saƙon gado, wanda wani ɓangarensa ke fitowa daga ƙwayar gado mai suna rpoB. Sitireftomaisin yana kama ribosom, masana'antar da ke ƙera furotin. Cipro da danginta suna kama enzayim ɗin da ke warware murɗewar DNA, wanda gyrA ke samarwa. Idan ƙwaya ta canza siffar ɗaya daga cikin waɗannan don kada magani ya kama shi, to ta taɓa injin da take rayuwa da shi. Galibi injin da aka taɓa ba ya aiki kamar na asali. Misali, wasu ribosom ɗin da suka bijire wa sitireftomaisin sukan zama masu tsantseni fiye da kima, ba sa kuskure sosai amma suna da nawa, sai ƙwayar ta riƙa girma a hankali.

Akwai masu toshe ƙofofin da ke jikin bangonsu don kada magani ya shiga, kamar yadda Klebsiella ke yi. To ta ƙofar da magani ke shiga, ta nan wani abincin ke shiga. Akwai kuma masu karɓo filasmid, wani ɗan zoben DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon bijirewa, wanda ƙwaya ke iya miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓa ya ɗauko buhu biyu na gero daga Wagini ya san ba zai yi tsere da wanda ya taho wayam ba. Filasmid kaya ne, sai an kwafe shi duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu.

Ga ɗan lissafi don a ga nauyin abin. A ɗauka muna da ƙwaya iri biyu a kwalba ɗaya, babu magani a ciki, abinci kuma ba ya yankewa. Mai jin magani tana rabuwa biyu kowane minti 20. Mai bijirewa, saboda kayan da ta ɗauka, sai minti 24. A awa 8, wato minti 480, ta farko ta rabu sau 24, ta biyu sau 20. Bambancin rabuwa 4 ne kawai, amma 2×2×2×2 ya ba mu 16: kowace mai bijirewa ɗaya tana fuskantar masu jin magani 16. A awa 24 bambancin ya kai rabuwa 12, wato ɗaya cikin 4,096. Ka ga minti huɗu kacal ya isa ya shafe ta. Haka ake gwajin takara a ɗakin bincike: a haɗa iri biyu daidai wa daida, a riƙa sauya musu abinci, a riƙa ƙirga su a faranti mai magani da marar magani.

Idan da a nan labarin ya ƙare, da Kawu ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. A ajiye magani, masu jin sa su cinye masu bijirewa, a dawo a iske shi da ƙarfinsa.

Darasin tarin fuka

A farkon shekarun 1950, da aka fara amfani da isoniyazid, wani masani a Amurka mai suna Gardner Middlebrook ya lura cewa ƙwayoyin tarin fuka da suka bijire wa maganin, da yawansu ba sa iya kashe ɓeran Masar yadda na asali ke yi. Daga baya aka gano dalili. Isoniyazid ba ya aiki sai ita ƙwayar da kanta ta kunna shi da wani enzayim mai suna KatG. Ƙwayar da ta yar da KatG ta tsira daga magani. Amma wannan KatG ɗin shi ne garkuwarta daga gubar da ƙwayoyin garkuwar jikinmu ke watsa mata. Ta gudu daga magani ta faɗa hannun garkuwar jiki.

Wannan ya sa aka daɗe ana ganin tarin fuka mai bijirewa ba zai yaɗu sosai ba, tunda raggo ne. Abin da aka gani a asibitoci ya saɓa wa haka. Yawancin ƙwayoyin da ake samu a jikin marasa lafiya ba yar da KatG suke yi ba. Wuri ɗaya tak suke canzawa, a gurbi na 315, sai enzayim ɗin ya rage kunna magani amma ya ci gaba da kare su. Sun sami bijirewa da araha.

A 2006 aka wallafa rahoton abin da ya faru a Tugela Ferry, wani gari na karkara a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. Mutum 53 aka samu da tarin fuka mai bijire wa kusan duk magungunan da ake da su, 52 suka rasu, rabinsu cikin kwana 16 da ɗaukar majinarsu. Duk waɗanda aka yi wa gwajin HIV a cikinsu suna ɗauke da ita, kuma da yawansu ba su taɓa shan maganin tarin fuka ba, wato kamuwa suka yi da ƙwayar da ta riga ta bijire. Darasi biyu ke nan. Ƙwaya mai bijirewa tana yaɗuwa. Kuma ko da ta ɗan yi rauni, a jikin da garkuwarsa ta faɗi raunin nata ba ya hana ta kisa.

Hanyoyi uku da ƙwaya ke kauce wa biyan kuɗin

Hanya ta farko ita ce wadda muka gani: zaɓen canji mai araha. Canje-canje da yawa suna iya ba da bijirewa, amma masu tsada suna mutuwa a hanya, masu araha su ne ke yawo a gari. A rifamfisin ma haka ne. Binciken da Sebastien Gagneux da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa canjin rpoB da aka fi samu a jikin marasa lafiya yana cikin waɗanda ba sa rage wa ƙwaya ƙarfi sosai.

Hanya ta biyu, canjin cike giɓi. Ɗan acaɓan nan mai buhu biyu yana da zaɓi: ya sauke kaya, ko ya kai babur wurin bakanike a ƙara masa ƙarfi. Ƙwaya ta fi yin na biyu. Dalili kuwa lissafi ne. Komawa yadda take tun asali yana buƙatar canji ɗaya tak a gurbi ɗaya tak, amma gyaran injin ta wani gefen yana da hanyoyi da dama, don haka shi ya fi saurin faruwa. A 1998 masana a ƙasar Suwidin, cikinsu har da Dan Andersson, sun gwada Salmonella masu bijirewa a jikin ɓeraye. Da farko yawancinsu sun rage zafi. Bayan sun ɗan zauna a jikin ɓerayen, babu ko ɗigon magani, sai aka sami waɗanda zafinsu ya dawo, bijirewar kuma tana nan. A tarin fuka an gano irin wannan a 2012: ƙwayoyin da suka canza rpoB suna ƙara wani canjin a rpoA ko rpoC, injin ya koma aiki sumul. Tun a 1988 ma Richard Lenski da abokiyar aikinsa suka nuna cewa E. coli da ta zauna da filasmid na tsawon zuriya 500 ta saba da shi, har ta fi ƙarfi da shi a kan in an cire mata.

Hanya ta uku, ɗaurin gwarmai. Filasmid ɗaya yakan ɗauki bijirewar magani uku, huɗu ko fiye. Kamar mai kanti ne ya ce ba ya sayar da sukari sai da madara. Ko ka daina shan magani na farko, muddin ana shan na biyu ko na uku a gari, to kana kiwon filasmid ɗin gaba ɗayansa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan ƙwayoyin taifot da aka samo daga jinin yara a Kano da Abuja ya iske da yawansu sun bijire wa amfisilin da kuloramfenikol da Septrin a lokaci ɗaya, kuma filasmid ne ke ɗauke da abin. Su ne magungunan taifot na farko da iyayenmu suka sani.

Wani lokaci ma riba ce

Wannan ɓangaren shi ya fi ba ni tsoro. A 2005 aka wallafa gwajin da aka yi da Campylobacter, ƙwayar da ke zaune a hanjin kaji tana sa mutane gudawa. An haɗa mai bijire wa dangin Cipro da mai jin magani a cikin kaji, ba a ba su magani ba. A wasu nau'o'in, mai bijirewar ce ta kori ɗayar. A 2013 masana a birnin Ho Chi Minh na Biyetnam suka ƙera nau'i 11 na ƙwayar taifot masu canjin da ke rage jin dangin Cipro, suka haɗa su takara da uwarsu. Shida daga ciki sun fi uwar ƙarfi, ba tare da magani ba.

Akwai kuma inda kayan bijirewa da kayan cutarwa abu ɗaya ne. Salmonella tana da wani famfo a bangonta da ke fitar da magani waje. Da wannan famfon take fitar da ruwan matsarmama da ke cikin hanjinmu, wanda da zai kashe ta. Akwai kuma inda filasmid ɗin zafi ke haɗuwa da na bijirewa a ƙwaya ɗaya. A 2016, a wani asibiti a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, Klebsiella mai bijire wa manyan magungunan ƙarshe ta karɓo filasmid mai ƙara zafi, ta kashe marasa lafiya biyar a ɗakin kulawa ta musamman.

Amsar tambayar Kawu

An gwada barin magani ya huta, a ƙasashe daban-daban, kuma sakamakon ya rabu biyu.

Inda ya yi aiki: a Finlan, da aka rage rubuta eritiromaisin da danginsa, bijirewar ƙwayar da ke sa ciwon maƙogwaro ta sauko daga kashi 16.5 cikin ɗari a 1992 zuwa kashi 8.6 a 1996. A Sin, an gano mcr-1, ƙwayar gadon bijire wa kolistin, a 2015. Gwamnati ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017, kuma E. coli masu bijire masa a kashin aladu suka sauko daga kusan kashi 34 zuwa kusan kashi 5. Wannan bijirewa ce mai tsada, da aka janye magani ta faɗi.

Inda bai yi ba: a Ingila, takardun magungunan dangin salfa, irin su Septrin, sun sauko daga sama da miliyan uku a shekara a 1991 zuwa kusan 77,000 a 1999. Bijirewar E. coli a wani asibitin Landan kuwa daga kashi 39.7 ta koma kashi 46. A gundumar Kronoberg ta Suwidin an rage amfani da tirimetofirim da kashi 85 na tsawon shekara biyu, kusan ba abin da ya canza. Amurka ta hana ba kaji enrofuloksasin a 2005, amma Campylobacter mai bijirewa ba ta ɓace ba.

Saboda haka, gonar Kawu takan dawo idan ciyawar da ta cinye ta mai rauni ce kuma an bar gonar da wuri. Idan aka yi jinkiri har ƙwaya ta cike giɓinta, ko ta ɗaure bijirewar da ta wasu magunguna, hutu ba ya warkar da komai. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya sa abin ya fi shafar mu

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27.3 a cikin kowane 100,000. Idan ka dubi yadda muke rayuwa daga Ruma zuwa Runka, a bakin dajin Rugu, za ka ga dalilai huɗu.

Na ɗaya, rabin magani. Tun a 1945, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, Alexander Fleming ya yi gargaɗi a kan shan fenisilin da bai kai adadi ba. Gwaje-gwajen da aka yi a jami'ar Uppsala a 2011 sun nuna cewa ko ɗan ƙanƙanin magani, ƙasa sosai da wanda ke hana ƙwaya girma, ya isa ya fifita mai bijirewa. Koma kan lissafinmu na minti 20 da 24: rabin ƙwayar Cipro ba sai ta kashe mai jin magani ba, ta rage mata gudu zuwa minti 30 kawai, shi ke nan takara ta juye. Kuma irin wannan ɗan maganin ya fi tace masu bijirewa da araha, waɗanda ba sa tafiya in an daina.

Na biyu, raunin jiki. Ƙwayar da ta rage zafi da kaɗan tana iya kasa yaro mai ƙoshi, amma ba za ta kasa yaro mai tamowa ba. A Maraɗi, nan bayan Jibiya, an bi yara masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a wata cibiya a 2007 da 2008. Kusan kashi 31 cikin ɗari sun zo da ƙwayoyin hanji masu lalata manyan allurai irin su seftiriyazon. Cikin waɗanda suka zo ba su da su kuma aka sake gwadawa lokacin sallama, kusan duka sun ɗauka. Yaran Maraɗi da na Batsari abinci ɗaya, kasuwa ɗaya, dangi ɗaya.

Na uku, cunkoso. Wanda ya ga yadda 'yan gudun hijira suka cika makarantu da kangaye a garin Batsari, rijiya ɗaya, masai ɗaya, ya san ƙwaya ba ta buƙatar ƙarfin takara mai yawa kafin ta sami sabon jiki.

Na huɗu, dabbobi. Allurar da Kawu ke yi wa shanu oksitetirasaikilin ce, 'yar uwar kafso ja da rawaya da aka ba ƙanena. Ana yin allura da safe a tatsi nono da yamma, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da ya kamata a jira. Taki ya tafi gona, ruwan sama ya kai shi tafki. Ƙwayar hanjin saniya da ta mutum suna musayar filasmid ba tare da neman izinin kowa ba.

Abin da ke hannunmu

Ba mu ne za mu buɗe asibitocin da aka rufe ba, amma kowannenmu a gidansu shi ne "likita", ko injiniya yake karanta ko akanta. Idan aka kira ka daga gida ana tambayar wane magani za a saya, ga abin da nake ganin ya kamata.

Mura da yawancin tari na kwana biyu uku bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa bairos. Yawancin gudawar yara ruwan gishiri da sukari da zinc take buƙata, ba Flagyl ba. Zazzaɓi a fara da gwajin maleriya. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot, mu 'yan ɗakin gwaji mun san haka, mu daina jin nauyin faɗa. Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta antibayotik, a saya cikakke a sha yadda ya ce, kuma dangi su haɗa kuɗin tun farko ya fi a haɗa kuɗin aiki daga baya. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku ana shan magani bai sauka ba, ko yaro ya fara ciwon ciki mai tsanani, asibiti ne, ba canjin kafso ba. Tarin da ya kai mako biyu a je a yi gwajin majina. Gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma na'urar GeneXpert da ake amfani da ita wannan rpoB ɗin da muka yi magana a kai take karantawa, cikin kusan awa biyu ta faɗi ko rifamfisin zai yi aiki. Masu dabbobi kuma su nemi malamin dabbobi, su kiyaye kwanakin jira kafin sayar da nono ko yanka.

Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ake makon wayar da kai a kan wannan matsala a duniya, Najeriya kuma tana da tsarin ƙasa na biyu a kai, na 2024 zuwa 2028. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyinmu na ƙananan hukumomi, musamman na Batsari da Safana, mu ware rana ɗaya a wannan makon mu zauna da masu kemis na garuruwanmu. Su ne asibitin da bai taɓa rufewa ba, kuma yawancinsu za su saurara in aka je musu da ladabi.

Da layi ya yi kyau makon jiya na kira Kawu na ba shi amsarsa. Na ce: "Kawu, wani maganin yana dawowa in an bar shi da wuri, wani kuwa ya tafi ke nan." Ya yi shiru, sannan ya ce: "To wanne ne namu?" Na ce sai an ɗauki samfuri an shuka a faranti kafin a sani. Ya ce: "To ka gama karatun ka zo ka shuka mana." Na ce in sha Allahu.

Allah Ya ba mu sa'a a jarrabawar da ke tafe, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Amin.